Kwana Bakwai na Abdulganiyu

Wanzami ya ja askarsa daga goshi zuwa ƙeya, gashin jaririn ya zubo a kan zanin Barikisu, sai ga fatar kan ta bayyana rawaya kamar gwaiduwar ƙwai.

Murmushin Barikisu ya ɗauke. Ko jakarta ba ta buɗe ba tun da ta sauko daga motar Kumasi da hantsin nan. Tana sa ƙafa a gidan, matan tsakar gida suka rangaɗa guɗa, suka ce ta zo a kan gaɓa, ita za ta riƙe ɗan maƙwabciyarta Samiratu a yi masa askin suna. A lulluɓe aka miƙo mata shi cikin farin shawul, da hula har gira. Sai yanzu da aka cire hular take ganinsa.

Ta sa yatsa ta ɗaga fatar idonsa. Farin idon ya rine. Ta duba tafin ƙafarsa, nan ma haka. Kuma yaron bai yi irin kukan da jarirai ke yi in ƙarfe ya taɓa su ba. Wata 'yar ƙara ya saki, siririya mai tsini, kamar ta ɗan kyanwar da aka taka, sannan ya banƙare, ƙeyarsa ta koma baya, bayansa ya sandare a hannunta.

"Namiji ke nan," in ji wanzami, yana goge aska a tafin hannunsa. "Ku dubi miƙa. Wannan soja za a yi."

Mata suka yi dariya. Wata ta ce ai farin yaro ne, hasken kakarsa ya ɗauko. Barikisu ta dube su ɗaya bayan ɗaya, duk sun sha yayin suna, atamfa kore iri ɗaya, gira a zane, baki jawur. Ba wadda ba ta haihu ba a cikinsu. Ba wadda ba ta san kalar jariri mai lafiya ba.

Ba ta jira wanzami ya gama gyara gefen kunne ba. Ta miƙe da yaron, ta ɗaga labulen ɗakin Samiratu ta shige.

Wari ne ya fara tarbarta. An rufe taga ruf, an toshe ƙasan ƙofa da tsumma wai kada iska ta shigo. Warin kafur, da na wani baƙin ruwan sassaƙe a roba a ƙarƙashin gado, da na madarar da ta kwana a zani, duk sun cuɗe da zafin langa-langar rufi. Samiratu na zaune a bakin katifa cikin farin leshi, an ɗaura mata gwaggwaro, an yi mata kwalliya kamar amarya. Hannayenta na kan cinya, lallen bai gama bushewa ba.

"Samira, tun yaushe yake haka?"

"Anti, sannu da hanya."

"Bar sannu. Tun yaushe?"

"Tun ranar da ya faɗo. Kafin la'asar idon ya fara." Ta sunkuyar da kai. "Jiya da yau ko nono ba ya kamawa. In na sa masa sai ya saki. Ai na faɗa miki a waya."

Ta faɗa mata. Barikisu ta tuna sarai. Kwana biyu da haihuwa, tana tsakiyar gidan bikin 'yar ƙaninta a Kumasi, ana kiɗa, tana ɗaura wa amarya ɗankwali, wayar ta shigo. Samiratu ta ce, "Anti, idonsa kamar ya yi rawaya." Ita kuma ta toshe kunne ɗaya ta ce, "Ki gaya wa Baban Sherifa ya kai ku asibiti, ina nan tafe." Ta mayar da wayar jaka. Ba ta sake kira ba. Kwana biyar tana cin shinkafar biki.

Kuma ita ce ta fi kowa sanin abin da ke nan, don ita ta raka Samiratu awo lokacin da cikin ke wata biyar. Tana zaune a gefe wata nas 'yar Zango, unguwar Hausawa, ta jawo kujera, ta yi musu bayani da Hausa tiryan-tiryan. Ta ce jinin Samiratu irin wanda ba kowa ke da shi ba ne, kuma ya bambanta da na mijinta. Ba cuta ba ce, ba laifin kowa ba ne. Amma in jariri ya ɗauko jinin ubansa, jikin uwar na ganinsa baƙo, sai ya yi ta farfasa masa jini tun yana ciki. A cikinta na fari jikin bai farga ba tukuna, shi ya sa 'yarta Sherifa ta rayu. Da an yi mata wata allura bayan wannan haihuwar, da magana ta ƙare, to a gida ta haihu, ba a yi ba. Abin da ya kashe mata 'ya'ya maza biyu da suka biyo baya ke nan, dukansu da ciwon shawara, duk kafin suna. Nas ɗin ta zagaye wani wuri a katin da jan biro, ta ce, "Wannan karon kada ki yarda ki haihu a gida. Ranar da ya faɗo, ranar za a sa shi a ƙarƙashin fitila. In ta kama a canza masa jini, a canza. Ana rayuwa, wallahi ana rayuwa, in dai an zo da wuri."

"Ina katin?" in ji Barikisu.

"Yana wurin Baban Sherifa. Da naƙuda ta tashi na ce a kira taksi, Hajiya ta ce ita tara ta haifa a ɗaki. Aka kira unguwarzoma."

Labule ya ɗaga. Hajiya Memuna ce, uwar mijin, ta shigo tana haki, zobban zinariya sun nutse a yatsunta. A bayanta akwai mai ɗaukar hoto, wani dogo da kyamara a wuya.

"Ebei, Barikisu, kin gudu mana da ango? Kawo shi, hoto za a yi."

"Hajiya, yaron nan ba shi da lafiya."

"Asram ne. Mugun ido. Wa ya rasa maƙiya a gidan haya? Mun karɓo magani, ana yi masa wanka da shi, ana ɗiga masa nono a ido. Yau ma ya fi jiya."

"Hajiya, jini ne. Nas ta ce jininsu..."

"Jini kuma? In jininsu bai haɗu ba, Sherifa daga sama ta faɗo? Ga ta can wurin kakarta ta wajen uwa a Ashaiman tana zuwa makaranta. Ku bar ni da zancen 'yan asibiti." Ta karɓe yaron, ta kwantar da shi a kan gado, ta jawo gwangwanin hoda. Ta zazzaga a tafin hannu ta shiga shafa masa a goshi, a kumatu, a sabon askin, tana dannawa don ta zauna. Hodar ta shiga masa hanci. Bai ko yi atishawa ba.

Mai hoto ya leƙo ta kafaɗarta. "Hajiya, kar ki damu da kalar. Zan gyara a kwamfuta, zai fito fes."

Barikisu ta juya masa baya. Ta bar su nan ta fita neman uban.

An kafa kanopi biyu a lungu, an tare hanya da kujerun roba. An jingina manyan sifiku a jikin bango. A bakin kwata mahauta na feɗe rago, jini da ƙazantar tumbi na gangarawa cikin baƙin ruwan da bai taɓa gudu ba, ƙudaje sun yi dandazo, suna tashi daga can suna sauka a kan tiren naman. Mutala, mijin Samiratu, na tsaye a wajen cikin shadda ruwan toka, yana nuna yadda za a raba cinya. Makaniken babur ne, mutum mai fara'a, wanda bai taɓa wuce Barikisu bai gaishe ta ba.

"Baban Sherifa, zo."

Ya biyo ta gefe yana murmushi. "Anti Barikisu, kin ji sunan? Abdulganiyu. Sunan Baba na mayar. Da asuba Liman ya raɗa."

"Allah ya raya. Ba ni katin Samira, ka nemo mota. Yanzu."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa, amma idonsa ya kauce. A nan ta gane ya sani. Ya fi kowa gani.

"Gobe," ya ce a hankali. "Wallahi gobe da sassafe ni zan kai shi. A bari a gama taro."

"Ba zai kai gobe ba."

"Anti, kada ki yi masa baki." "Na biyun ai na kai shi. Kin manta? Suka tsattsaga shi da allura, a hannu, a ƙafa, har a ka. Ya mutu a cikin akwatin gilashi, ko suna ba shi da shi. Na tsaya a maƙabarta aka tambaye ni sunan mamaci, ban da abin faɗa. Na rantse wannan sai ya ci sunansa a gidan ubansa."

"Wancan ma sai da ya kwana biyar ka kai shi. To, wannan ya ci sunan. An raɗa, an yanka rago, an yi aski. Me ya rage?"

Ya waiwaya ya dubi kanopi, ya dubi abokansa da suka fara cika kujeru. "Mutane sun zo daga Kasoa, daga unguwar Madina. Hajiya ta gayyaci ƙungiyarsu. In aka ce babu jariri babu mai jego, me zan ce musu?"

Barikisu ta dube shi daga hula har takalmi. Ta so ta tofa miyau, sai ta haɗiye. Ta juya ta koma ciki.

An zaunar da Samiratu a kujera an ɗora mata yaron, mai hoto na cewa ta ɗaga haɓa. Barikisu ta nufe ta kai tsaye. Ta sunkuya ta ɗauke shi daga cinyar uwar, ta kwance mayafinta ta rufe shi.

"Samira, ni na tafi da shi. In za ki zo, taso."

"Ke Barikisu!" Hajiya ta daka tsawa. "Ɗanki ne? Samira, in kika taka ƙofar nan da jegon kwana bakwai, ban yafe ba."

Samiratu ta dubi surukarta, ta dubi ƙafar ɗanta da ta leƙo daga mayafi. Shekara tara ba a taɓa jin ta ɗaga murya a gidan nan ba, kuma yau ma ba ta ɗaga ba. Ta cire gwaggwaron ta ajiye a kan kujera, ta zura silifas ɗin wanka, ta bi bayan Barikisu.

Suka ratsa ta tsakanin tukwanen jalof da matan da suka saki baki. Suka bi lungu, suka haye katakon da aka gitta a kan kwata, Samiratu na dafa bango saboda jiri. A bakin titin Maamobi wani tsohon direban taksi, Bagaye, ya leƙa cikin mayafin sau ɗaya, ya kunna fitilu ya ɗora hannu a kan oda har ƙofar asibiti.

A can ba a sa su layi ba. Wata likita matashiya ta buɗe shawul ɗin, ta goge hodar da auduga. Ta yi tambaya da Turanci, nas ta maimaita da Hausa: "Kwanansa nawa?"

"Bakwai."

"Bakwai," in ji nas ɗin. Ba ta ƙara komai ba, kuma Barikisu ta gwammace da zaginsu ta yi.

Aka tuɓe shi, aka rufe masa ido da wani ƙyalle, aka kwantar da shi a ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Ta gilashi suke hangensa, ɗan mitsitsi, haƙarƙarinsa na ɗagawa da sauri. Nas ta fito ta ce shawarar ta riga ta hau masa ka, jininsa kuma ya kusa ƙarewa, dole a canza shi gaba ɗaya. Barikisu ta naɗe hannun riga ta miƙa.

"Ku ɗiba nawa."

Aka gwada, aka ce ba zai yi ba. Irin na uwar ake nema, shi kuwa da wuya ake samu, uwar kuma nata ne ke yaƙar yaron. Likitar ta yi ta buga waya tana zagaye baranda, har aka samu a wani asibiti a ɗaya gefen gari, aka tura mai babur.

Suna zaune a benci Mutala ya iso, shaddarsa ta jiƙe da gumi. Ya zaro katin daga aljihu, a ninke huɗu, ya miƙa wa nas. Ta buɗe, ta dubi jan zagayen, ta dube shi, ta shige ciki.

Ana kiran sallar la'asar jijjiga ta kama yaron. Barikisu ta ga nas-nas sun taru a kansa, ta ga bayan likitar na motsi. Aka jima. Daga nan wata ta miƙa hannu ta kashe shuɗiyar fitilar. Mai babur ya shigo da 'yar jakar jini a cikin kula bayan haka da kamar minti ashirin, yana tambayar ina zai kai.

Samiratu ba ta yi ihu ba. Ta zame daga benci ta zauna a kan siminti, ta miƙe ƙafafu. Mutala ya jingina da bango yana salati, hawaye na bin gemunsa.

"Haka Allah ya rubuta," ya ce. "Kwanansa ke nan."

"A katin ma an rubuta," in ji Barikisu. "Da jan biro."

Ta yi istigfari a zuci bayan ta faɗa, amma ba ta janye ba.

Kafin magariba maza suka kai shi makwancinsa. Barikisu ta dawo da Samiratu gida. Labari ya riga su isowa, an kashe kiɗa, an sa karatun Alƙur'ani a sifikun. Kanopin na nan, kujerun na nan, mutanen ma su ne, sai dai matan sun jawo mayafai sun rufe kwalliya. Abinci kuwa an dafa, ba a zubarwa. Barikisu ta ga ana miƙa robobin jalof daga hannu zuwa hannu a ƙarƙashin kujeru. Wata 'yar ƙungiyar Hajiya ta tare ta a bakin ƙofa, ta kama hannunta da hannu mai maiƙo.

"Sannu, sai haƙuri. Allah ya sa mai ceto ne." Ta rage murya. "Wai naman ya ƙare ne? Mu na can layin baya ba a ba mu ba."

Barikisu ta zare hannunta, ta goge a zani.

A tsakar gida Hajiya Memuna na zaune a tabarma, mata sun kewaye ta, tana kuka tana fyace hanci da gefen gyale. Kukan gaske take yi, jikanta ne. Amma bakinta bai huta ba.

"Yaro yana samun sauƙi, aka fizge shi aka fita da shi cikin rana tsaka da sabon aski. Na faɗa, na faɗa. Asibitin nan ba su taɓa dawo mana da ko ɗaya ba."

"Uku ke nan fa," wata ta ce ƙasa-ƙasa. "Kuma duk maza. A dai bincika. Wata macen nononta ne ba kyau, wata kuma..." Ta ga Samiratu, sai ta ɗora da "Sannu, Samira."

Waya ta yi ƙara a jakar Barikisu. A zauren waya na matan unguwa an riga an saka hoton: Samiratu cikin farin leshi, da jariri fari tas a cinyarta, kumatu jajaye, kamar ɗan da ke jikin gwangwanin madara. A ƙasa an rubuta Inna lillahi, an jera fuskoki masu hawaye. Mai hoto ya cika alkawari. Ta kashe wayar.

Ba ta kai Samiratu wancan ɗakin ba. Nata ta buɗe, ta ture keken ɗinki gefe, ta shimfiɗa mata katifa a ƙarƙashin taga, ta buɗe tagar.

Washegari da safe ba wanda ya hura wutar ruwan jego. Kwana bakwai Hajiya ce ke yi, yau ƙofarta a rufe. Barikisu ta hura gawayi, ta ɗora tukunya, ta kai ruwan banɗaki, ta tsaya a bakin ƙofa har Samiratu ta gama. Da suka dawo ɗaki ta ga yadda take tafiya a dafe da ƙirji, tana cije leɓe.

"Sun cika?"

"Kamar duwatsu, Anti. Tun asuba suke zuba."

Barikisu ta buɗe akwati ta ɗauko wani tsohon zani mai ƙarfi, ta yaga shi biyu a tsaye.

"Ɗaga hannu."

Samiratu ta ɗaga. Barikisu ta zagaya mata zanin a ƙirji sau uku, tana ja da ƙarfi, ta ƙulle a baya. A lungu ana jin ƙarar ƙarafa, masu kanopi sun zo kwance kayansu, ɗaya na yi wa ɗaya tsiya da Turancin titi.

"Anti."

"Na'am."

"Jiya da aka goge masa hodar nan, kin ga yana da ɗan tabo a bayan kunne? Irin nawa."

"Ban lura ba."

"Ni ma sai jiya na gani. A ɗakin can duhu ne."

Barikisu ta zauna a gefenta. Ta so ta ce wani abu game da wayar Kumasi, ta buɗe baki, ta ga ba yau ba. Ta zuba koko a kofi ta sa mata a hannu. Samiratu ta riƙe kofin da hannu biyu, ba ta sha ba, tana kallon taga. A gaban zanin da aka ɗaure, tabo biyu na danshi suka fito, suna faɗaɗa a hankali.